Ruwa ba ya tsami banza: zancen tafiyar mai horon ƴan ƙwallo

Duk lokacin da labari ya bazu cewa mai horon ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa yana son aje aiki, sai gardama ta kaure. A fadar masu shan shayi a Maraɗi, a tashar mota a Damagaram, a ma'aikatun gwamnati a Yamai da Tawa, mutane sukan rabu gida biyu. Waɗansu su ce ya tafi, Allah ya raka taki gona. Waɗansu kuwa su ce a roƙe shi ya tsaya, domin ba a san wanda za a samu bayansa ba. Wannan gardama tana da amfani, don tana nuna jama'a sun riƙi ƙungiyar Mena abinsu. Amma akwai tambaya guda wadda ɓangarorin biyu suka saba tsallakewa: mene ne ya sa mutum yake son barin aikin da mutane da yawa suke nema ido rufe? Abin da ya faru a Nijar da ƙasashen maƙwabta ya isa ya ba da amsa.

Shekarar masu horo uku

A cikin shekarun 2010 da 2011, Haruna Dula Gabde ne ke horar da Mena. Ƙuri'ar neman shiga gasar kofin ƙasashen Afirka ta haɗa Nijar da Afirka ta Kudu, da Saliyo, da Masar wadda ta ɗauki kofin sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Ba wanda ya sa Nijar cikin lissafi. Amma a watan Oktoba na 2010, a filin wasa na Janar Seini Kunce, Musa Ma'azu ya jefa ƙwallo a ragar Masar, aka tashi 1 da nema. Bayan haka Mena ta ci Saliyo 3 da 1, ta ci Afirka ta Kudu 2 da 1, duka a Yamai. Ƙasashe uku suka ƙare da maki 9 kowace, sai aka duba wasannin da suka yi tsakaninsu, Nijar ta zo kan gaba. Wannan shi ne karo na farko da ƙasar ta samu shiga babbar gasar Afirka. A ƙarshen 2011, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta zaɓi Haruna Dula gwarzon masu horo na shekara.

Sai aka ɗauko Bafaranshe Rolan Kurbis, aka ce mai ba da shawara ne. Ran 23 ga watan Janairu na 2012, Gabon ta ci Nijar 2 da nema a wasan farko a Libarbil. Daga nan ragamar ƙungiya ta koma hannun mai ba da shawara, gwarzon Afirka ya koma gefe a tsakiyar gasa. Tunisiya ta ci Mena 2 da 1, Maroko ta ci ta 1 da nema, aka komo gida ba maki ko ɗaya.

Gaskiya ita ce, shugabannin ƙwallo na lokacin suna da hujjar damuwa. Ƙungiyar da ta ci wasanninta uku a Yamai, ita ce ta faɗi a wasanninta uku na waje, ba ta jefa ƙwallo ko ɗaya ba. Neman taimako ba laifi ba ne. Laifin yana ga lokaci da hanya. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma ɗan wasan da bai san muryar wanda zai bi ba cikin manya biyu, ƙafarsa takan yi nauyi. Kafin shekarar ta wuce rabi, Kurbis ma ya aje aiki. A watan Satumba aka kawo Bajamushe Garnot Ror, mai horo na uku cikin shekara guda. Shi ne ya fitar da Gine, ya kai Mena gasar 2013 a Afirka ta Kudu, inda aka samu maki 1 a kunnen doki da Jamhuriyar Demokraɗiyyar Kwango. Ya yi murabus a watan Oktoba na 2014. Daga 2015 zuwa 2025 an yi gasar sau shida, babu Mena a ciki.

Abin lura kuma shi ne, mutumin da aka ture gefe a 2012, shi ne a farkon 2023 ya kai ƴan wasan cikin gida wasan kusa da na ƙarshe a gasar CHAN a Aljeriya, bayan sun doke Kamaru da Gana. Ashe ilminsa bai ƙare ba a daren Libarbil.

Darasi daga maƙwabta

Najeriya ta ga irin wannan al'amari ta wata fuska. Ran 10 ga watan Fabrairu na 2013, Istifen Keshi ya ɗauki kofin Afirka bayan ƙungiyarsa ta ci Burkina Faso 1 da nema. Ya taɓa ɗaukar kofin yana ɗan wasa a 1994. Washegari, jama'a suna cikin murna, sai aka ji ya ba da sanarwar murabus. Ƙasa ta rikice, magoya baya suka yi ta gardama, har ministan wasanni ya sa baki, sannan Keshi ya janye maganarsa. Mai horon da ya ci kofi jiya ba ya tafiya yau saboda tsoron abokan karawa. Abin da ya dame shi yana cikin gida: rashin yarda tsakaninsa da shugabanninsa tun ana tsakiyar gasa. A wannan shekara kuma ya yi watanni yana aiki ba a biya shi albashi ba. Shi ne dai mutumin da ya kai Togo gasar kofin duniya ta 2006 karo na farko, aka sauke shi kafin a je gasar, aka ba wani Bajamushe.

Senegal ta bi wata hanya. Ta ba ɗanta Aliyu Sise aiki a 2015. An fitar da shi a zagayen ƙungiyoyi takwas na ƙarshe a 2017. An fitar da shi a zagayen farko na kofin duniya a 2018. Aljeriya ta ci shi 1 da nema a wasan ƙarshe na 2019. Kowane karo akwai masu kiran a sallame shi, shugabanni suka daure. A watan Fabrairu na 2022, Senegal ta ɗauki kofin Afirka karo na farko a tarihinta. Shekara bakwai aka yi ana jira. Sise ya riƙe aikin har 2024.

Abin da ya kamata a tambaya

Saboda haka, idan aka ji mai horo yana shirin tafiya, kafin a ce ya tafi ko ya tsaya, akwai abubuwa uku da ya kamata masu gardama su bincika.

Na farko, shin shi ne ke zaɓen ƴan wasa da tsara su, ko kuwa akwai masu aiko masa da sunaye daga sama? Wanda ba a ba shi iko ba, bai kamata a ɗora masa alhakin faɗuwa shi kaɗai ba.

Na biyu, shin ana biyansa haƙƙinsa da na mataimakansa da ladan ƴan wasa kan lokaci? Ma'aikacin gwamnati da malamin makaranta sun fi kowa sanin yadda jinkirin albashi yake kashe zuciyar aiki.

Na uku, wane kayan aiki aka ba shi? Ƙarfin Mena a 2010 da 2011 jama'ar Yamai ne da suka cika filin wasa. Amma a wasannin neman shiga kofin duniya tsakanin 2023 da 2025, Nijar ta karɓi baƙinta a garuruwan Maroko kamar Marakesh da Ujda, domin filin Yamai bai cika sharuɗɗan hukumar Afirka ba a lokacin. Har ta kai Nijar ta karɓi baƙuncin Maroko a cikin Maroko a watan Maris na 2025. Mai horon da aka raba da filinsa da jama'arsa, ba daidai ba ne a auna shi da ma'aunin wanda yake wasa a gida.

Idan an cika masa waɗannan uku, aka ba shi lokaci, kuma ƙungiya ba ta ci gaba ba, to masu cewa ya tafi suna da gaskiya, kuma ba abin kunya ba ne a rabu. Idan kuwa ba a cika su ba, tafiyarsa ba za ta gyara kome ba, don wanda zai gaje shi zai tarar da ramin da ya faɗa yana nan a buɗe.

Nauyin shugabanni da na mai horo

Hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa da ma'aikatar wasanni su ne ke da babban nauyi. Ya kamata kowane mai horo, ɗan ƙasa ko baƙo, ya shiga aiki da yarjejeniya a rubuce wadda ta faɗi tsawon lokacinsa, da abin da ake so ya cim ma, da iyakar ikonsa. A yi masa hukunci a ƙarshen zagayen wasanni, lokacin da zukata suka kwanta, kada a yi shi a daren da aka sha kashi. Haƙurin da ake yi da baƙo, a yi wa ɗan gida irinsa, tun da tarihi ya nuna ɗan gida ne ya fara buɗe wa Nijar ƙofar Afirka.

Shi ma mai horo yana da nasa nauyi. Idan ya gaji, ko ya ga ba a riƙe masa alkawari ba, yana da ikon tafiya, amma ya faɗa a fili da wuri, kada ya riƙa yin barazanar murabus don neman ƙarin kuɗi. Ya bar wa magajinsa rahoto kan ƴan wasa, manya da masu tasowa, domin aikin na ƙasa ne.

Su kuwa magoya baya, muryarsu tana da ƙarfi fiye da yadda suke zato, don shugabanni sukan yanke hukunci da gaggawa ne saboda tsoron fushin jama'a. Ran da labarin tafiyar mai horo ya sake zagayowa, ya kamata masu gardama a fada da tasha su fara neman hukuma ta fito ta yi bayanin abin da aka alkawarta masa da abin da aka cika. Bayan an ji wannan bayani ne za a san wanda ya cancanci ya tafi.