Ra'ayinmu: Su Ma Mulkin Mallaka Ya Ci Su



Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a ikkilisiyoyinmu na ƙasar Gwarzo da Kabo, musamman idan lokacin zaɓen dattawa ya yi, ko ana rabon taimakon kuɗin makaranta. Sai ka ji wani ya ce, "Mu ne 'yan ƙasa, mu Bature ya mallaka. Waɗannan kuwa biyo shi suka yi, a inuwarsa suka ci abinci." Waɗanda ake nufi su ne 'yan'uwanmu da kakanninsu suka zo Kano daga Kudu, ko ƙasar Kabba, ko ƙetaren iyakar Nijar. Yau jikokinsu suna koyarwa, suna aikin asibiti, suna kasuwanci a tsakaninmu, muna kuma sujada tare. To, wanda ya tako da ƙafarsa ya shigo ƙasar da Turawa suke mulki, shi ma an mallake shi? Amsarmu ita ce i. Ga dalilanmu.

Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Layin dogo ya iso a 1911, aka yanka Sabon Gari a 1913 domin akawuna, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da kafintoci, da yaran kamfanoni. Daga ina suka fito? Wasu daga Saliyo, wadda take hannun Ingila tun 1808. Wasu daga Ikko, wadda aka karɓe a 1861. Wasu daga ƙasar da ake kira Ghana yau. A 1914 kuma Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Ashe mutumin da ya hau jirgi daga Ikko zuwa Kano ɗaki kawai ya sauya, mai gidan ɗaya ne. Haka ma waɗanda suka gangaro daga Maraɗi da Damagaram: da yawansu aikin tilas na Faransa suka guje wa, aikin da ba a soke ba sai 1946. Sun fita daga hannun wani Bature sun faɗa hannun wani.

Da suka zo, wane matsayi aka ba su? Doka ta ware su daga mutanen birni, ta kuma hana su zama a unguwar Turawa. Filin da suka gina gida a kai na haya ne, domin tun 1910 dokar ƙasa ta Arewa ta sa filaye a hannun Gwamna. Akawu yakan yi shekaru a ofis, ya koya wa sabon Bature aiki, amma manyan kujeru na Turawa ne. A 1940 aka ɗauke Sabon Gari aka sa ta ƙarƙashin En'e ta Kano, da alƙalamin Bature. Mutumin da wani yake zaɓa masa inda zai kwana, da kotun da za ta yi masa shari'a, da iyakar inda zai kai a wurin aiki, me za a kira shi in ba wanda aka mallaka ba?

Amma dole mu faɗi gaskiya, kayan da aka ɗora wa kowa bai zo daidai ba. Kakanninmu na ƙauye sun biya haraji da jangali ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi, sun yi aikin hanya da dako ba da son ransu ba. Da aka ce sai da kuɗin Bature za a biya haraji, noman gyaɗa ya zama dole. Ban da wannan, gwamnati ta daɗe tana hana 'yan mishan aiki a ƙasashen sarakuna. A lokacin da yaron Sabon Gari yake da majami'a da makaranta a bakin ƙofarsa, ɗan Bamaguje bai san allon boko ba. Sai bayan 1930 ƙofa ta fara buɗewa, aka bar mishan ɗin SIM ta kula da kutare a wurare irin su Yadakunya, daga baya tashoshi suka samu a Roni, da Tofa, da Ƙaraye, da nan Kabo. Tazarar nan ta ilimi har yau muna jin ta a jikinmu. Ba mu kuma manta cewa an yi akawunan sikeli da suka cuci manoma ba.

Duk da haka, akawu bai rubuta dokar ba. Dogari ma ya yi wa tsarin aiki, dagaci ma ya karɓi haraji, amma ba mu taɓa jin an ce su ba a mallake su ba. Ma'aunin gaskiya shi ne: wa yake riƙe da iko? Razdan da Di'o su ma baƙi ne, amma sun zo da bindiga da tuta, suna da ƙasar da take tsaya musu, suna da ƙuri'a a Ingila, in sun gama aiki su koma gida da fansho. Wannan shi ne mai mallaka. Wanda ya zo da akwatinsa a ka yana neman abinci, aka nuna masa fegi aka ce kada ya wuce nan, wannan ɗan'uwan wahala ne.

Iyayenmu sun gane haka. A yajin aikin 1945, ma'aikatan jirgin ƙasa ne a kan gaba. Da aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950, cikin mutum takwas da suka kafa ta akwai Bello Ijumu, mutumin ƙasar Kabba. Inda aka manta da wannan kuwa an sha kuka: rikicin Kano na Mayu 1953 da kashe-kashen 1966 duk a kan katangar nan ta ɗan gari da baƙo aka yi su.

Abin da ya fi damunmu shi ne yadda katangar take neman shigowa haikali. Mu da kanmu mun san ɗacinta. Nawa ne cikin 'ya'yanmu suka je neman takardar shaidar zama ɗan ƙasa, aka dubi sunansu na baftisma aka ce su baƙi ne, alhali kaburburan kakanninsu suna nan bayan gari? Sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Nijeriya bambanci saboda ƙabila, ko wurin asali, ko addini. Da wane baki za mu nemi wannan haƙƙi a ofis ranar Litinin, idan mun hana wa ɗan'uwanmu shi ranar Lahadi?

Ikkilisiyar farko ta gamu da irin wannan. A Ayyukan Manzanni sura 6, Yahudawa masu jin Helenanci sun yi gunaguni cewa ana tsallake gwaurayensu wajen rabon abinci. Dukansu, ɗan gari da wanda ya dawo daga wata ƙasa, a ƙarƙashin mulkin Roma suke. Manzanni ba su tambayi wa ya riga wa zuwa Urushalima ba. An zaɓi mutum bakwai masu kyakkyawar shaida, har da Nikolas mutumin Antakiya, aiki kuwa ya ci gaba.

Saboda haka muna roƙon limamai da dattawa abu uku. Na ɗaya, a zaɓi shugabanni bisa ga hali da aminci, a daina tambayar garin kakan mutum. Na biyu, taimakon makaranta ya bi mabukaci. 'Yan'uwan da Allah ya ba iyayensu ilimi da wuri kuma su tuna da tazarar da muka ambata, su ɗauki nauyin yaran ƙauye. Na uku, a zaunar da tsofaffin da suka rage, na kowane ɓangare, su ba matasa labarin zamanin En'e tun suna da rai. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, mu kuwa ba mu da yawan da za mu rabu biyu.

Ubangiji ya ba mu kunnen ji, ya kuma haɗa kanmu. Amin.