Alawar Tsinke Da Farashin Dala: Lissafin Da Ba A Koyarwa A Ajin WhatsApp

Idan kana yawan leƙa TikTok ko WhatsApp a 'yan watannin nan, da wuya ba ka ci karo da bidiyon alawar tsinke ba. Tukunya a kan gas, sukari yana tafasa, a ɗiga kala ja ko kore, a zuba a mazubin roba mai siffar zuciya ko tauraro, a soka tsinke, kafin ka ankara sai ga alawa tana ƙyalli kamar gilashi. A ƙasan bidiyon kuma an rubuta cewa da ɗan jari kaɗan za ka fara, ka biya kuɗin aji a turo maka sirrin. Mu ɗalibai mu ne aka fi yi wa wannan talla, don an san halin da aljihunmu yake ciki.

Wata 'yar ajinmu ta gwada. Ta ɗebi kuɗi daga Naira 20,000 ɗin da NELFUND ke ba ɗalibai duk wata na ɗawainiya, ta sayi sukari da tsinke da leda da mazubi. Zubin farko ta yi shi a watan Agusta, ana tsakar damina. Da daddare alawa ta yi kyau, wayewar gari kuwa duk ta yi gumi, ta manne da leda, ko kyauta ba ta bayuwa. Zubi na biyu ya yi daidai, amma da ta kai wa masu shago a bakin kasuwa, farashin da suka taya ya sa ta dawo ɗaki ta ɗauki biro da takarda. Abin da ta gano a kan takardar nan shi nake so mu duba tare, kafin kai ma ka zuba kuɗin abincinka a tukunya.

Mu fara da girkin, domin shi ne mai sauƙin. Alawa mai tauri ba komai ba ce illa sukarin da aka dafa har ruwan jikinsa ya kusa ƙarewa ƙaf. Sai zafinsa ya kai wajen digiri 150 a ma'aunin Salshiyos kafin ya daskare ya yi ƙarau. Idan ba ka da ma'aunin zafi, ka ɗiga kaɗan a ruwan sanyi: in ya karye ƙas, ya yi, in ya lanƙwashe, da saura. Ana haɗawa da ruwan gulukos, ko a matsa ɗan lemon tsami, don kada sukarin ya koma tsaki-tsaki. Kala da filebo kuma sai an sauke ake sa su, don wuta tana kashe ƙamshi. Sukarin da aka dafa haka yana jan danshin iska, shi ya sa damina take cutar mai alawa, hunturu kuma yake yi masa rana. Ka kuma kiyaye, zafinsa ya wuce na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, kuma in ya zubo a fata mannewa yake yi. Kada a yi wannan aiki ƙannenka suna zagaye da murhu.

To, ka ga sirrin da ake karɓar kuɗi a kansa ke nan, bai fi sakin layi ɗaya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen kuɗin sukari.

Sukarin da kake saya a Kasuwar Singa ta Kano ko a shagon unguwa, ko da an rubuta sunan kamfanin gida a jikin buhun, mafi yawansa ɗanye aka shigo da shi daga waje, musamman daga Brazil, aka tace a matatun Legas da Fatakwal. Sama da kashi 90 cikin 100 na sukarin da muke sha haka yake zuwa. Tun 2012 gwamnatin tarayya ta amince da babban tsarin bunƙasa noman rake da sarrafa sukari, inda aka ɗora wa manyan kamfanoni nauyin noma a gida: Dangote a Numan ta jihar Adamawa, BUA a Lafiagi ta jihar Kwara, Flour Mills kuma a Sunti ta jihar Neja. An yi shekara goma ba a kai gaci ba, aka sabunta tsarin a 2022. Ma'ana, har yau da dala ake sayen abin da za ka zuba a tukunyarka.

Yanzu ka tuna abin da ya faru a 2023. A ranar 29 ga Mayu Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki Naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da take ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Sukari ya tashi, kuɗin dakon sa daga Legas zuwa Arewa ya tashi, gas ya tashi, leda da tsinken roba su ma suka bi sahu. Abu ɗaya ne bai tashi da irin wannan gudun ba: kuɗin tara da ake ba yaro in zai tafi makaranta.

Nan ne matsalar take. Mai sayen alawar tsinke yaro ne, kuma yaro ba ya ciniki. Abin da ke hannunsa shi ke nan. Ƙari a kan haka, Naira 5 da 10 da 20 sun kusa ɓacewa daga hada-hada, har masu shago suna ba da minti a madadin canji. Saboda haka ba ka da damar ƙara Naira 7 a kan alawa don sukari ya tashi. Ko dai 50, ko ka yi tsalle zuwa 100, inda za ka tarar da alawar kamfani mai leda mai sheƙi tana jiran ka.

Bari mu yi lissafi na misali, ka sauya alƙaluman da farashin kasuwarku na yau. Kilo ɗaya na sukari da gulukos ɗinsa zai iya ba ka alawa 100 masu nauyin giram 12. A Naira 50, Naira 5,000 ke nan, kuma a nan bidiyon TikTok yake tsayawa. Amma mai shago ba zai saya a 50 ya sayar a 50 ba. Mu ƙaddara ya karɓa a 35, ka koma 3,500. Cire kuɗin sukari da gulukos, cire tsinke 100 da leda 100, cire kala da filebo da gas, cire kuɗin adaidaita zuwa da dawowa, cire guda 10 da suka fashe ko ƙanne suka ɗanɗana. Sannan ka tuna da yawa daga masu shago sai sun sayar suke biya. Abin da ya rage, ka raba shi da awannin da ka ɓata kana naɗe leda maimakon karatun jarrabawa.

Idan riba ta matse haka, jarabar da ke zuwa ita ce rage inganci, kuma wannan ya fi asarar kuɗi muni. Wani zai sayi kalar da ake aunawa a ƙulli ba suna ba kwanan wata, alhali bai san ko ta abinci ce ko ta rinin tufafi ba. Wani zai yi amfani da tsinken sakace mai tsini, ya ba yaro ɗan shekara huɗu yana gudu da shi a baki. Wallahi duk ribar da za a samu ba ta kai lafiyar ɗan wani ba. NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita doka ta ɗora wa rajistar abincin da ake ƙunshewa don sayarwa. Ranar da ka fara tunanin kai kaya manyan kantuna, lambarta za a fara tambayar ka, don haka gara ka saba da tsafta da rubuta abin da ka zuba tun kana ƙarami a sana'ar.

Kada ka ɗauka cewa nake a bar sana'ar. Iyayenmu mata sun daɗe suna riƙe gida da alawar madara da gullisuwa da tuwon madara da kantun riɗi, kuma ba su je ajin kowa ba. Abin da nake cewa shi ne kada ka yi gasa da kamfani a filin da ya fi ka ƙarfi. Shi yana sayen sukari tirela-tirela, kai kana saye a mudu. Abin da kake da shi wanda ba shi da shi, shi ne kusanci da mutane da ɗanɗanon gida. Alawa mai tsamiya, mai citta, mai zoɓo, ba ka cika ganin su a kwalin kamfani ba. Alawar da aka yi da kalar ankon biki, ko ta rabon suna da walimar sauka, ana yin odarta ne da yawa, a biya rabin kuɗi tun kafin ka kunna wuta, kuma babba ne yake biya, ba yaro mai Naira 50 ba. 'Yar ajin namu can ta koma, ta daina bin shaguna, kuma ba ta dafa sukari sai an turo kafin alƙalami.

Akwai kuma tambayar da ya kamata mu matasa mu riƙa yi wa masu mulki. Ana noman rake a Maƙarfi da fadamun Arewa da dama, ana yin mazarƙwaila tun kaka da kakanni, to me ya sa bayan shekara fiye da goma da tsarin sukari, farashin alawar yaro a Kano yake jiran jirgin ruwa daga Brazil? Duk taron koyar da sana'a da ake shirya mana, in kayan aikin na dala ne, rabin aiki aka yi.

Kafin ka tura kuɗin aji, ka shiga kasuwa da biro da takarda. Ka tambayi farashin sukari da gulukos da tsinke, ka tambayi masu shago uku nawa za su karɓa kuma yaushe za su biya. In lissafin ya fita, ka fara da rabin kilo, kuma ka jira ranar da iska ta bushe.