Tuwon Gidanmu Ba Abin Kunya Ba Ne

Godiya ta tabbata ga Allah da ya nuna mana ƙarshen wannan shekara ta karatu lafiya, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, malamaina, iyayena da 'yan uwana ɗalibai, a wannan ɗan fili da aka ba ni ina so in yi magana kan abinci. Na san wani zai yi dariya, to a yi haƙuri a karanta zuwa ƙarshe.

Wata rana a lokacin hutun hantsi na ga wani ƙaramin yaro a makarantarmu ya koma bayan aji yana cin ɗumamen tuwo da miyar kuka, yana kare kwanon da rigarsa. Na ce masa lafiya? Ya ce wai jiya an yi masa dariya, an ce abincin ƙauye ya kawo. Masu dariyar kuwa burodi da taliyar leda suke ci. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. A ganina wannan dariya kuskure ce, kuma mu manyan ɗalibai mu ne ya kamata mu fara gyara ta.

Mu fara duba abin da Allah ya ba mu a nan Garwa. Ga Kogin Binuwai a bakin gari, ga tafkin Lagdo da aka gama dam ɗinsa a 1982, daga inda ake kawo giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa. Ga gero da dawa da masara da gyaɗa. Ga masakwa, wadda Fulani ke ce wa muskuwari: ana dasa ta a ƙasar laka bayan damina ta ɗauke, ta rayu da danshin da ƙasa ta riƙe, a girbe ta wajen Janairu ko Fabrairu ba tare da an yi mata ban ruwa ba. Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Pitowa ranar Lahadi ya ga buhunan nan da idonsa.

Sai miya. Miyar yakuwa da ake kira follere, in an sa mata tunkuza ko niƙaƙƙiyar gyaɗa da busasshen kifi, tsaminta kaɗai yana buɗe wa marar lafiya baki. Ga tafasa, wato tasba, ga lalo, ga kuka da kuɓewa, ga zogale. Yawancin ganyen nan a bayan gida suke fitowa, kuma iyayenmu mata kan shanya su a ajiye don rani. Ga kunun gyaɗa da tsamiya na buɗa-baki a watan azumi, ga waina da ƙosai, ga fura da kindirmo a zafin Maris da Afrilu, ga kilishin da matafiya kan saya su kai tsaraba Yawunde da Duwala. Mutanen kudu suna neman kilishinmu, mu kuma muna jin kunyar tuwonmu. Kai, jama'a!

Bara da zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni, an kai ni asibiti an ba ni magani, amma na kwana biyu ba na iya haɗiyar komai. Shayi da burodi aka fara kawo mini, ko kallo ban yi ba. Kakata ce ta dama kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, ta zauna tana ba ni da ludayi. Shi ne ya fara zama a cikina. Daga baya malaminmu na hadisi ya karantar da mu labarin talbina, wani kunu na garin sha'ir da Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, kan sa a dama wa marar lafiya da wanda aka yi wa rasuwa, domin Annabi ya yabe shi wajen sanyaya zuciya. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim. Ban ce kununmu shi ne talbina ba, hatsin ma ba ɗaya ba ne. Amma na gane cewa abinci mai sauƙi na gida yana da daraja a addininmu. Mun kuma karanta cewa Annabi bai taɓa kushe abinci ba. To wanda ya haddace wannan, yaya zai yi wa kwanon ɗan uwansa dariya?

Akwai kuma maganar aljihu. Alkamar da ake yin burodi da taliya daga waje Kamaru ke shigo da ita. Da yaƙin Rasha da Yukuren ya ɓarke a 2022, kuɗin burodi ya tashi daga sefa 125 zuwa 150, dala 25 ta koma dala 30. Yaƙin da ba mu san hawansa ko saukarsa ba ya shigo mana har cikin kofin shayi. Kuɗin da aka sayi dawa ko yakuwa kuwa hannun manomin Pitowa da mai tallan unguwa yake komawa. Guntun gatarinka ai ya fi sari ka ba ni.

Na san akwai masu cewa tuwo yana cin lokaci da itace, kuma wahalar duk a kan mata take. Gaskiya ne, ba na musu. Yaron da zai fita karatu bayan asuba ba zai jira a tuƙa tuwo ba, kuma burodi halal ne, ni ma ina ci. Amma ɗumame minti nawa yake ɗauka? Ita kuma wahalar, maganinta mu taya su. Mu maza mene ne laifi in mun kai niƙa, mun ɗebo ruwa, mun faskara itace? Annabi ma yakan taimaka wa iyalinsa da aikin gida. Wasu kuma suna tsoron fura saboda ciwon ciki. Wannan laifin ruwa ne da ƙazanta, sai a dama da ruwa mai tsabta a rufe ƙwarya.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ilimin girkin nan ba a rubuce yake ba. Kakata ta san yawan kanwar da ake sa wa miya da ido kawai, ta san yadda ake haɗa daddawa. Ranar da ta faɗi, in ba wanda ya koya, shi ke nan ya tafi da ita.

Don haka ina roƙon abu uku. Kowane ɗalibi, mace ko namiji, ya koyi miya ɗaya a wannan hutu daga mahaifiyarsa ko kakarsa, ya rubuta yadda ake yin ta ko da da ajami ne. A walimar sauka ta baɗi, iyaye su taimaka a sa waina da tuwo da kunu a gaba. Sannan duk wanda ya ji ana yi wa yaro dariya kan kwanonsa, ya je ya zauna kusa da shi ya ce, "Bismillah, a sam mini."

Allah ya sa albarka a abincinmu da karatunmu, ya saka wa iyayenmu da malamanmu da alheri.