Jirgin Gulbi da Jirgin Sama

Idan masunci a Argungu ya ce wa ɗansa, "Kawo jirgi," yaron gulbi zai nufa, ya kwanto jirgin itace. Amma a Birnin Kebbi, in aka ce wa ɗan makaranta jirgi ya iso, sai hankalinsa ya tafi filin jirgin sama na Ambursa. To, wane ne ya yi daidai?

Waɗansu dattawa sun ce ɗan masunci ne. Hujjarsu ita ce, tun kaka da kakanni jirgi na ruwa ne, kuma in kowa ya riƙa juya kalma yadda ya ga dama, wata rana jikoki ba za su gane maganar kakanninsu ba. Wannan magana tana da nauyi.

Amma a dubi abin da ya faru. A shekarar 1911 dogo ya isa Kano. Hausawa suka ga abu mai ɗaukar mutane da kaya kamar jirginsu na gulbi, sai suka ce masa jirgin ƙasa. A 1925 wani irin ya sauka a Kano daga sama, suka ce jirgin sama. Ba sarkin da ya kafa doka a kan haka, bakin jama'a ne ya ɗauka. Da an hana, da sai dai a ari sunan Turanci, Hausa ta yi hasara.

Sunan ƙasa ma yakan faɗaɗa. Da can Kabi daular Kanta ce. A 1805 Abdullahi ɗan Fodiyo ya ci Birnin Kebbi, daga baya Kabawa suka mai da gadon sarautarsu Argungu. Da aka kafa Jihar Kebbi a 1991, sai mutumin Zuru da na Yawuri suka zama 'yan Kebbi, ko da yake ba Kabawa ba ne. Kowa ya gane, ba a yi ƙarya ba.

Saboda haka ya kamata a karɓi ma'anar da jama'a suka saba da ita, a kuma rubuta ta cikin ƙamus. Sai dai akwai iyaka. Kuskuren mutum ɗaya ba ya zama Hausa. Masunta suna hawa gora a ruwa, amma yaron da ya kira gora jirgi, dole a gyara masa, domin ba wanda zai fahimce shi.

Tsoron dattawa kuwa yana da magani. Kada sabuwar ma'ana ta kori tsohuwa. Ɗalibi mai hankali yakan riƙe duka biyu, ya tambayi tsofaffi asalin kalma kafin su ƙare.

Tambayoyi
1. Mene ne asalin ma'anar jirgi?
2. Don me ba a kiran gora jirgi?