FILIN MASU MOTA: Kada A Bar Jaki A Daki Taiki Wajen Gyaran Sanyin Mota

Da zarar hunturu ya ja jiki bazara ta kunno kai, sai garejojin masu gyaran iyakwandishan su cika maƙil, tun daga Mushin a Ikko har Apo a Abuja, har Kaduna da Kano. Cikin watannin Maris da Afrilu zafi ya kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, a Ikko kuwa gumi da cunkoson motoci ke sa direba ya ji kamar an rufe shi cikin tanda. A irin wannan lokaci ne mai mota ya kan iso gareji a ƙagauce, ya ce yana danna maɓalli amma sanyi ya ƙi zuwa. Kafin a ce kwabo, yaron makaniki ya zura sukundireba a gefen dashbod ya fara ɓamɓara. A wannan mako filin zai yi bayani a kan akwatin nan na tsakiyar dashbod mai ɗauke da maɓallan sanyi da zafi, wanda masu gyara ke kira kwantirol: yaushe ya kamata a cire shi, kuma ta yaya a ke cire shi ba tare da an yi gyaran gangar Auzinawa ba.

Abu na farko da ya kamata kowane mai mota ya riƙe shi ne, wannan akwati ba shi ke yin sanyi ba. Aikinsa ba da umurni ne kawai. Sanyi yana fitowa ne daga kwamfuresa da ke jikin inji, wadda ke matsa gas ta tura shi cikin bututai har ya isa wani ƙaramin lagireto da ke ɓoye a can cikin dashbod. Fanka ce ke hura iska ta cikinsa, sa'an nan waɗansu 'yan ƙofofin roba su karkatar da iskar zuwa fuska, ko ƙafa, ko gilashin gaba. Babu ko ɗigon gas a cikin akwatin maɓallan. Saboda haka duk wanda ya ce sai an zubar da gas kafin a cire shi, to, ko dai bai san aikin ba, ko kuwa kuɗin sabon gas ya ke hange.

Iri biyu ne a kan hanyoyin ƙasar nan

Kamfanin Packard na Amurka ne ya fara sayar da mota mai iyakwandishan a 1939, Cadillac kuma ya fito da wadda ke daidaita sanyi da kanta a 1964. Daga wannan tarihi ne aka sami iri biyun da a ke gani yau. Na farko shi ne mai kebul, watau murɗa maɓalli ko jan ɗan hannu shi ke jan wata siririyar wayar ƙarfe ta buɗe ƙofar iska. Haka Peugeot 504 ta ke, wadda aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, haka kuma Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008 mai maɓallan murɗawa uku. Na biyu shi ne mai lantarki zalla, wanda ke da allon nuna lamba da maɓallin AUTO. Shi wannan ƙaramar kwamfuta ce, tana karɓar labari daga na'urorin jin zafi na cikin mota da na waje da na hasken rana, sa'an nan ta umurci 'yan ƙananan injuna su juya ƙofofin. Wanda bai bambance waɗannan biyu ba, bai kamata a ba shi makullin mota ba.

A binciki cuta kafin a yi fiɗa

Sau da yawa laifin da a ke ɗora wa akwatin na wani wuri ne dabam, kuma alamun sukan nuna inda ya ke. Idan fanka ba ta aiki a lamba ɗaya da biyu da uku sai a ta ƙarshe kaɗai, to, galibi 'yar na'urar da ke rage mata wuta ce ta ƙone, kuma tana kusa da fankar ne, ta wajen ƙafar fasinja. Idan fanka tana ƙara amma iska ba ta da ƙarfi, sai a duba matatar iska, wadda a yawancin motocin Japan ta ke bayan akwatin ajiya na gaban fasinja, domin ƙurar hunturu kan toshe ta sarai. Idan ana jin ƙwas-ƙwas a cikin dashbod duk sa'ad da aka canza zafi ko sanyi, haƙoran robar injin da ke juya ƙofa ne suka cinye. Idan fitilar maɓalli ta kama amma kwamfuresa ba ta ɗauka ba, mai yiwuwa gas ya ragu ne, domin akwai wani makunni mai auna ƙarfin gas wanda ke hana ta tashi don kada ta lalace. Idan kuwa akwatin ya mutu gaba ɗaya, babu fitila babu motsi, fiyus za a fara dubawa, abin da bai kai kuɗin kwanon abinci ba.

Har ila yau, waɗansu motoci suna iya faɗin ciwonsu da kansu. A yawancin Toyota da Lexus masu maɓallin AUTO, idan aka danne shi tare da maɓallin juya iskar ciki, aka murɗa makulli ba tare da an saki ba, allon zai nuna lambobi. Lamba 00 na nufin lafiya lau. Lamba 11 na nuna na'urar jin zafin cikin mota, 12 ta waje, 13 ta ƙaramin lagireton sanyi, 23 kuwa ƙarfin gas, 41 injin ƙofar da ke gauraya zafi da sanyi. Lamba 21 ta na'urar hasken rana ce, kuma ta kan fito ko da babu laifi in an yi gwajin a inuwa. Wannan gwaji na minti ɗaya ya isa ya hana mai mota sayen abin da ba ya bukata.

Sai an kawar da waɗannan duka ne za a tuhumi akwatin. Alamunsa na gaskiya su ne maɓallin da ya maƙale saboda shayi ko lemo da ya zube a kai, da fitilun ciki da suka mutu, da allon da ya dushe, da kebul da ya suɓuce. Misali sananne shi ne Honda Accord ta 2003 zuwa 2007. A cikinta rediyo da maɓallan sanyi a haɗe su ke, kuma allonsu ya yi suna wajen yin duhu saboda lalacewar wani ɓangare na faifan lantarkin da ke ciki.

Yadda a ke cire shi

Kafin a taɓa kome, sai a tabbata mai mota yana da lambar sirri ta rediyonsa. Accord ɗin da aka ambata tana neman lambobi biyar duk lokacin da aka raba ta da batir, in babu su rediyo ya kulle ke nan. Daga nan sai a ja birkin hannu, a matsar da giya baya in za ta tare hanya, a kashe mota, a kwance kan batir mai alamar ragewa. A yawancin motocin Japan sifana mai lamba 10 ce ke kwance shi. Bayan haka sai a dakata. Kamfanin Toyota ya ce daƙiƙa 90, Honda kuwa minti 3, domin na'urar jakar iska tana riƙe wuta na ɗan lokaci bayan an cire batir. Wayoyin jakar iska da soket ɗinsu ruwan ɗorawa ne, kuma doka ita ce kada a ja su, kada a yanke su, kada a gwada su da fitilar gwaji. Jakar da ta fashe a fuskar mutum yana sunkuye tana iya yi masa mummunan rauni, sayen wata kuma ya ninka kuɗin akwatin.

Sa'an nan a zo ga marfin da ke kewaye da akwatin. 'Yan kunnuwan roba da na ƙarfe ne ke riƙe da shi, kuma motar da ta shekara 15 ko 20 tana shan ranar Nijeriya robarta ta bushe ta yi gautsi. Da ɗan ƙarfen roba mai faɗin baki a ke ɗaga shi, kunne bayan kunne, ana farawa daga gefe. In babu, sai a naɗe bakin sukundireba da ƙyalle ko salatif. Idan marfi ya ƙi tasowa, akwai sukurun da ba a gani ba, watakila ƙarƙashin mazubin toka, ko cikin aljihun ajiya, ko bayan maɓallin murɗawa. A Accord ɗin nan akwai sukurori a sama ƙarƙashin marfin ramukan iska, akwai kuma biyu a ƙasa waɗanda ba a isa gare su sai an fitar da aljihun da ke gaban giya. Wanda ya kwance na sama kawai ya fizga, ya karya ƙafafun akwatin. A waɗansu tsofaffin Marsandi kuwa babu sukuru ko ɗaya a waje, waɗansu siraran makullai biyu a ke zurawa cikin tsaga, akwatin ya fito salin-alin.

In an kwance sukurori, sai a jawo akwatin a hankali kamar faɗin tafin hannu, a leƙa baya. Yana da kyau a ɗauki hoto da wayar hannu kafin a zare kome. Kowane soket yana da ɗan harshe da a ke dannawa, kuma jikinsa a ke kamawa, ba a jan waya. Ga mai kebul, sai a mai da maɓallan ƙarshe tun kafin a fara, watau sanyi zuwa iyaka, iska zuwa waje ɗaya, a yi wa kowane kebul alama a daidai inda maƙalinsa ya kama shi. Dalili kuwa shi ne, in aka mayar da kebul ya goce ko da kaɗan, ƙofar zafi ba za ta rufe ruf ba, iska mai zafi ta riƙa gauraya da mai sanyi. Mai mota sai ya yi ta ƙara gas a banza, alhali gas bai yi laifin kome ba. Kada kuma a lanƙwasa kebul, domin wanda ya lanƙwashe ba ya komawa daidai.

Gyara ko saye

Ba kowane akwati da aka cire ne ke bukatar canji ba. Fitilun ciki ana musanya su, maɓallin da ya maƙale ana wanke shi da sifirit, dalmar da ta tsage a kan faifai kuwa ƙwararren mai gyaran rediyo yana iya sabunta ta. In ya zama dole a saya, kasuwannin Ladipo a Ikko, da Nkpor kusa da Anacha, da Panteka a Kaduna, da Ƙofar Ruwa a Kano duk suna da na kwance. Amma a tafi da tsohon a hannu, a gwada lambar da ke jikin takardarsa da ta sabon, domin kama da wane ba ta wane. Mai raba sanyin direba da na fasinja dabam ya ke da mai sanyi ɗaya. Wanda aka kwanto daga motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama ba lallai ne ya dace da motocin ƙasar nan ba, waɗanda sitiyarinsu ke hagu tun da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972. Na motar Amurka kuma da ma'aunin Farenhait ya ke zuwa, inda 72 ke daidai da kimanin 22 a ma'aunin da aka saba da shi a nan. A waɗansu motoci irin su Volkswagen masu Climatronic, sai an haɗa sabon akwati da kwamfuta an gabatar da shi ga motar kafin ya yi aiki sosai. A yi yarjejeniya da mai shago cewa in bai yi ba za a dawo da shi.

Masu sha'awar sa babban allon Android a madadin rediyo su ma su lura. A motar da rediyo da maɓallan sanyi ke haɗe, sai an tabbata sabon allon ya zo da hanyar sarrafa iyakwandishan, in ba haka ba garin neman gira a rasa ido.

Hattara da haɗin kai tsaye

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a garejoji wadda ta cancanci a yi tir da ita. Idan mai wayarin ya rasa gane laifi, sai ya jawo waya daga batir zuwa kwamfuresa, ya huda dashbod ya sa ɗan makunni, ya ce an gama. Ranar farko mai mota ya kan yi murna. Amma wannan haɗi ya tsallake masu gadi biyu. Na ɗaya shi ne mai kashe kwamfuresa in ƙaramin lagireto ya kusa daskarewa, shi ya sa a doguwar tafiya iska kan ragu har ta ɗauke saboda ƙanƙara ta toshe hanya. Na biyu shi ne mai auna ƙarfin gas. Man da ke shafe kwamfuresa tare da gas ya ke zagayawa, don haka in gas ya zurare ita kuwa tana ta juyi, sai ta ci kanta, ɓarɓashin ƙarfe ya bazu cikin bututai duka. Wayar da aka ja ba fiyus kuwa, ita ce mafarin gobara a mota.

Batun nan ya wuce jin daɗi kawai. Da damina, iyakwandishan ne ke busar da iska ya share raɓar da ke rufe gilashin gaba, kuma akwatin nan ne ke tura iskar can. Direban da ke goge gilashi da hannu cikin ruwan sama a kan hanyar Ikko zuwa Badun, ransa da na fasinjojinsa ya ke wasa da su.

Wajen mayarwa, a haɗa soket duka, a ɗaura batir, a kunna mota a bar ta kamar minti ɗaya ba a taɓa maɓalli ba, domin waɗansu motoci kan daidaita ƙofofinsu da kansu. Daga nan a gwada kowace lambar fanka, da zafi, da sanyi, da iskar gilashi, da fitilun dare, da maɓallin fitilar haɗari in an zare shi. Sai kome ya yi daidai za a ɗaure sukurori a rufe marfi. Mai mota kuma ya ƙirga sukurorinsa, ya karɓi tsohon akwatinsa kafin ya biya. Makanikin kirki ba ya jin haushin a tambaye shi abin da ya gwada kafin ya kwance, wanda ya fusata kuwa, to, gara a nemi wani gareji.