Labarin Mai Magani a Bakin Tasha

Da wuya a shiga tashar mota, daga Kano har Maraɗi, ba a tarar da mai magani da lasifikarsa ba. Ba ya ambaton sinadari ko awo. Labari yake bayarwa: wani bawan Allah ya shekara uku a kwance, asibiti ta sallame shi, ya sha kwalba ɗaya ya miƙe. Kafin ya rufe baki jama'a sun fara laluben aljihu.

Dabarar tana ci domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe labarin mutum guda a kan jerin alƙaluma. Sai dai labarin yana da giɓi. Mura, alal misali, garkuwar jiki ce ke kawar da ita cikin kwanaki, an sha magani ko ba a sha ba. Wanda kuwa jiƙo ya lalata wa ƙoda ba ya dawowa tasha ya ba da shaida.

Ba a raina ganye. Daga wani nau'in tazargade Tu Youyou ta ƙasar Sin ta tace artemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a 1972. Amma bai karɓu ba sai da aka ƙirga majinyatan da suka warke da waɗanda ba su warke ba. Ya kamata gidajen rediyon da ke sayar wa mai magani fili su nemi wannan lissafi kafin su kunna masa makirufo.