Kafin a biya ɗan kwangilar kwamfuta a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, a nemi ganin lasisi

A watan Satumban 2021 aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa. Sai a ƙarshen shekarar aka fara dawo da su. Duk ofishin da ke dogaro da intanet don ganin bayanansa, a lokacin sai dai biro da takarda.

Shi ya sa asibiti ko makaranta ko sakatariya a wannan yanki ke da hujjar ajiye rumbun bayananta a kwamfutar da ke cikin gininta. Sai dai rumbun na buƙatar manhajar da za ta riƙe shi, kuma a nan ne ake iya yi wa mai saye sakiyar da ba ruwa.

Ɗauki SQL Server na kamfanin Microsoft, wanda masu haɗa manhajar albashi da rajistar marasa lafiya ke yawan amfani da shi. Sunansa ɗaya, amma nau'insa daban-daban ne. A sigar 2022, nau'in Express kyauta ne, kuma ya halatta a yi aikin ofis da shi. Iyakarsa gigabait 10 ga kowane rumbu. Ranar da ya cika zai daina karɓar sabon bayani, ko da layin marasa lafiya ya kai bakin ƙofa. Ba ya kuma zuwa da sashen da ke tsara kwafe bayanai da kansa kowane dare, sai an yi masa wata dabara.

Nau'in Standard na kuɗi ne. Ana iya biyan dala 989 na kwamfutar, sannan dala 230 ga kowane ma'aikaci ko na'urar da za ta shiga rumbun. Ko kuma a biya bisa yawan ƙwayoyin sarrafa bayanai da ke ƙwaƙwalwar kwamfutar: dala 3,945 duk guda biyu, kuma ba a sayar da ƙasa da huɗu. Enterprise, na manyan bankuna da kamfanonin sadarwa, dala 15,123 ne duk guda biyu. Tun da aka saki naira a kasuwa a Yunin 2023, kowa ya san abin da waɗannan alƙaluma ke nufi.

Tarkon yana wajen nau'in Developer. Kyauta ne, yana yin duk abin da Enterprise ke yi, amma lasisinsa na gwaji da koyo ne kawai. Ɗan kwangila zai iya ɗora shi, ya rubuta kuɗin lasisi a takardar biya, ya kama gabansa. Manhajar za ta yi aiki lafiya lau, babu abin da zai nuna wa akanta ko shugaban sashe cewa ofishin ya karya sharaɗi. An biya kuɗin abin da ba a saya ba, kuma idan bincike ya zo, ofishin da ke amfani da manhajar ne zai amsa tambaya.

Ga kuma tsufa. Microsoft ya daina toshe ɓarakar tsaro kyauta a sigar 2014 tun Yulin 2024. A yankin da masu garkuwa ke farautar wanda ke da abin hannu, jerin albashi mai ɗauke da suna da unguwa da lambar waya abu ne mai haɗari idan ya fita. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora nauyin tsare su a wuyan wanda ya tattara.

Abin lura shi ne, yawancin waɗannan ofisoshi ba sa buƙatar sayen lasisi ko kaɗan. PostgreSQL kyauta ne, ba shi da iyakar gigabait 10, ba a ƙirga masu shiga. A kansa manhajar DHIS2 ke gudana, wadda Jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar haɓakawa, kuma wadda Najeriya ke tattara rahoton wata-wata na cibiyoyin lafiya da ita. Abin da ya ɗauki alƙaluman lafiyar ƙasa zai ɗauki rajistar asibiti guda.

Masu goyon bayan na kuɗi suna da magana: wasu manhajojin an gina su ne a kan SQL Server kaɗai, kuma samun wanda ya iya PostgreSQL a Sabuwa ba kamar a Kano ba ne. Gaskiya ne. Amma kuɗin lasisi ɗaya zai horar da ma'aikata biyu, ya sayi sola da baturi, har a samu canji.

Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi, ana sa ran su riƙa yin sayayya da kansu. Ya kamata kowace takardar kwangila ta fayyace nau'in manhajar da shekararta, da sunan wanda lasisin ke ɗauke da shi, da wanda zai riƙe kalmar sirri idan ɗan kwangila ya tafi. Gane nau'in da aka ɗora ba ya cin minti biyar, domin SQL Server na faɗin sunansa da sigarsa da umarni guda. A duba shi a gaban mai binciken kuɗi kafin a sa hannu a biya.